Ruwan Rijiyarmu da Na Kai Yamai

Jami'in da ya tare ni a Magama, bakin iyaka, bai tambayi sunana ba. Jarkata ya nuna da sanda.

"Malam, sauke. Lita nawa ce?"

"Ranka ya daɗe, ruwa ne."

"Kowa haka yake cewa."

Ya kwance murfin, ya kai hanci, ya sake kaiwa. Sai ya ƙwala wa abokin aikinsa kira yana dariya. "Zo ka ga ikon Allah! Duniya na tsallakawa da fetur, wannan bawan Allah ruwan laka zai kai wa Nijar. Malam, an ce maka ƙishirwa ta ishe su ne?"

Ya tsiyaya kaɗan a ƙasa ya ƙyasta ashana, ashanar ta mutu. Ni kuwa idona na kan abin da ƙasa ta shanye, ina tunanin ko sauran zai isa. Ya miƙo mini jarkar ya ce in je, Allah ya ba ni lafiya.

Sunana Lawali. Manomi ne ni a wani ƙauye bayan Mazanya, ran kasuwar Jibiya kuma ina ɗinkin buhu. Abin da ya fitar da ni daga gida ɗiyata ce, Nafisa, tana da shekara tara a lokacin. Haƙoranta ne suka fara rinewa, suka yi ja kamar na tsohuwar da ta daɗe tana cin goro. Muka goge da gawayi, muka goge da asuwaki, abin bai motsa ba. Daga baya gwiwoyinta suka soma karkacewa ciki, da safe sai ta daɗe zaune kafin ta iya miƙewa. Ba ita kaɗai ba ce. Yaran da aka haifa bayan mun haƙa rijiyarmu mai zurfi, da yawansu bakinsu haka yake. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an je asibiti an karɓo ƙwayoyi.

Wata ran kasuwa na zo da ita Jibiya, sai Illa ya gan ta. Illa direba ne mutumin Maraɗi, ni nake ɗinke masa buhunan da suka fashe. Ya durƙusa ya ce ta yi masa dariya, ya duba bakinta, ya tashi.

"Lawali, wanga abu na san shi, akwai shi wajenmu. Ba maita ba ce, ba iska ba ce. Ruwa ne. Akwai wasu masu bincike Maraɗi, suna bin rijiyoyi suna aunawa. Inda sunka samu abin sai su rubuta sunan garin, su kawo wata tukunya mai tace shi. Ɗebi ruwanku ka kai musu."

Shi ke nan abin da na riƙe: a auna ruwanmu, a rubuta sunan ƙauyenmu. Na samo jarka 'yar lita biyar na wanke ta sau bakwai, na shanya, na sake ɗaurayewa saboda ban tabbata ƙuda bai shiga ba. Ƙarshen bazara ne, rijiya ta ja baya, guga na kankaro ƙasa. Abin da na ɗebo ke nan, abin da muke sha.

Na isa Maraɗi da hantsi. Kwatancen Illa bai ɓata ba, na sami gidan mai koren ƙofa, amma a rufe. Maigadi yana zaune yana gyaran rediyo.

"Masu ruwa? Sun tashi. Sati biyu ke nan da sunka kwashe kayansu sunka koma Yamai."

"Yaushe za su dawo?"

"Ni ma da za ka gaya mini da na gode."

Ina nan tsaye da jarka a hannu sai wani mutum ya matso. Riga a goge, biro biyu a aljihu, jaka a hammata. Ya ce ya ji maganarmu, shi ma'aikacinsu ne, akwai babban likita ɗaya da bai tafi ba tukuna. Ya ja ni muka yi ta ratsa lunguna har wani gida mai bene. Ya tambaye ni ko ina da hoton yarinyar. Na ce akwai a waya, na ɗauki bakinta da ƙafafunta.

"Madalla. Kawo in shiga in nuna ma likita, kai ka jira nan. Ba a shiga da jarka."

Na jira har aka yi azahar. Na ƙi zuwa masallaci don kada ya fito bai gan ni ba, na yi sallata a gindin katanga. Da la'asar ta yi na shiga da sallama. Ashe ba gida ba ne, hanya ce, ta ɓulle wata kasuwa ta baya.

Ba wayar ce ta dame ni ba kamar abin da ke cikinta. Lambar Illa tana ciki, da ta ƙanin matata wanda ta hannunsa nake jin gida. Ban haddace ko ɗaya ba. Na zauna bakin kwata ina zargin kaina. Mutumin bai yi wa maigadi sallama ba, maigadin kuma bai gaishe shi ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mini ba su san juna ba, amma sai bayan an gama na gani.

Washegari na koma wajen maigadin. Bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Ya yago takarda ya rubuta mini sunan wurin da suke a Yamai da Faransanci. Ya ce, "Ni dai da ni ne kai, gida zan koma." Na yi tunanin haka. Sai na tuna yadda Nafisa ta raka ni bakin zaure tana dafa bango, ta ce in gaishe da likita. Na nufi tasha.

Guzurina bai wuce Galmi ba. Nan na sauka na shiga dakon albasa, kwana biyar. Buhun albasar Galmi ba irin namu ba ne, sai mutum biyu sun ɗora maka, in ka kai bakin mota ƙafarka na rawa. Jarkar kuwa na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu na ajiye inda idona zai riƙa kaiwa. In za ni bayan gida sai na ɗauke ta na ajiye daga nesa, ina leƙowa. 'Yan dako suka sa mini suna Alhaji Zamzam.

"Alhaji, a ɗan sam mana tubarraki mana!"

"Ku bar shi, sadakin aljana ne zai kai."

Ban ji haushi ba, don da su nake cin tuwo. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da rana ta yi sanyi mata suka fito daka. Sautin turmi ko'ina iri ɗaya ne. In na ji shi sai in ga tsakar gidana, in ga matata Sa'a tana sheƙe gero, in tuna ba su san ko ina raye ba.

Mai motar da muka yi wa lodi ya yarda in hau bisa kaya zuwa Yamai. Mu tara ne a sama. Bayan mun wuce Ƙonni, kafin Dogon Dutsi, motar ta yi wata ƙara ta tsaya, rana tsaka. Babu gari, babu inuwa sai ta ƙarƙashin motar. Direba ya aika a sayo ƙarfen da ya karye, muka zauna jira. Kafin la'asar ruwan kowa ya ƙare. Akwai wata mata mai goyo, jaririn ya yi kuka har muryarsa ta dishe, ita kuma leɓenta ya tsage. Sai na ga idanu sun fara juyowa wajena.

Direba ya ce, "Kai Malam, kana zaune bisa ruwa mutane na mutuwa?"

"Wallahi ba rowa ba ce. Ruwan nan ana zargin shi ke sa ciwo. Aunawa zan kai."

"Ku da kuke sha kullum kun mutu?"

"Ba mu mutu ba."

"To kawo."

Ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin ta ranar ba. In na hana, na hana mai shayarwa ruwa, ban san abin da zan gaya wa Allah ba. In na bayar, ƙila na ba ta abin da ya lanƙwasa ɗiyata. Na gaya mata gaskiya duka, na ce ta yafe mini in wani abu ya biyo baya. Ba ta ma saurare ni ba, ta karɓi kofi. Bayan ita wani tsoho ya sha, bayan tsoho kowa ya sha. Ni ban sha ba. Da motar ta tashi, ruwan ya koma ƙasa da rabi, kuma duk wani rami da muka faɗa sai in ji shi yana kaɗawa a cikin jarkar.

A Yamai na zama kurma. In na yi tambaya a amsa mini da Zabarmanci, in na nuna takarda a amsa da Faransanci. Kwana biyu ina yawo. Wani ya tura ni kamfanin ruwan leda, wani ya tura ni wajen masu gyaran famfo. A rana ta uku yunwa ta zaunar da ni kusa da rumfar wata mai dambu. Na yi mata sannu da aiki ba don in saya ba, sai ta ɗago.

"Wanga harshe na Katsina ne. Ɗana, matso inuwa."

Sunanta Inna Gado, mutuniyar Tasawa, ta daɗe a Yamai. Ta zuba mini dambu da zogale ba ta tambaye ni komai ba sai da na cinye. Da ta ji labarina ta karɓi takardar, duk wanda ya zo sayen abinci sai ta tura masa ita a gaba. Cikin ikon Allah wani mai shara ya gane wurin, ya ce ai ba nisa, bayan gidan mai ne.

Da safe na je. Mai tsaron ƙofa ya ce likitar ta fita, in dawo ƙarfe uku. Kafin in juya na leƙa ta taga. Ban taɓa ganin wuri mai tsabta irin wannan ba. Daɓen yana ƙyalli, kwalabe jere kamar ba a taɓa taɓa su ba, mutanen ciki da fararen riguna da safar hannu. Na koma rumfar Inna Gado, na buɗe jarkata na tsiyaya kaɗan a murfi. Kwana goma sha ɗaya yana kaɗawa a hanya. Ya zama kamar kunun kanwa.

A gidanmu ba a miƙa wa baƙo ruwa haka. Mu mukan sha yadda ya samu, amma in baƙo ya sauka, ko malami, ko surukai, mahaifiyata takan ɗauko ɗan alif ta kaɗa a tulu, laka ta kwanta, ta tace da farin ƙyalle, sannan a kai. Haka na tashi na gani, haka Sa'a take yi. Na zauna ina kallon murfin nan, kunya ta rufe ni. Na ga kaina ina ɗora wannan a kan teburinsu mai ƙyalli, na ga an rubuta sunan ƙauyenmu a jikinsa.

Inna Gado ta leƙo. "Haba ɗana! Wanga za ka miƙa ma likita? Sai su ce mutanen Katsina ba su san tsabta ba."

"Abin da ke raina ke nan, Inna."

"Tashi ɗauko kwanon can."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da alif ɗan dunƙule. Ta ɗauko sabon kallabi fari wanda ba ta taɓa ɗaurawa ba. Muka juye ruwan a kwano, na kaɗa alif da hannuna na dama bayan na wanke shi sau uku. Muna kallo laka ta taru ta sauka. Muka tace, na wanke jarkar, muka mayar. Lakar kuwa Inna ta watsa a kwata. Na ɗaga ruwan a rana, garau, har kana ganin gindin jarka. Tun da na bar gida ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba.

Likitar sunanta Dokta Zainabu, gajeriya mai tabarau, Hausarta ta Damagaram. Da ta ji daga inda na fito sai ta ja mini kujera da kanta. Na ce hotunan ɗiyata sun tafi da waya. Ta buɗe wani littafi mai hotunan bakunan yara, ta ce in nuna wanda ya yi kama. Na nuna na kusa da ƙarshe.

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce akwai wani sinadari da ke cikin wasu duwatsu na ƙarƙashin ƙasa, yana narkewa a ruwa, ba ya da launi, ba ya da ɗanɗano. Kaɗan ɗinsa yana ƙarfafa haƙori, har a man goge baki ana sa shi. In ya yi yawa kuma yaro ya tashi da shi shekara da shekaru, sai ya rina haƙori ya shiga ƙashi. Na yi maza na tambaye ta matar nan mai goyo. Ta ce shan rana ɗaya ba ya komai. Na yi hamdala.

Ta nuna mini tukunyar da Illa ya faɗa. Bokiti ne biyu, ɗaya bisa ɗaya, a tsakani akwai wasu baƙaƙen tsakuwoyi. Ta ce ƙashin shanu ne aka ƙona aka daka, shi ke kama sinadarin, kuma har yanzu suna gwadawa su ga wata nawa yake yi kafin ya gaji.

"Ranki ya daɗe, shanun yankakku ne?"

Ta yi murmushi. "Daga mahauta muke karɓa, Malam Lawali. Kai ne na farko da ya tambaya kafin ya tambayi ko kyauta ne."

Ta zuba ruwana a ɗan kofi, ta ƙara wani ruwa nasu, ta tsoma wani abu kamar alƙalami mai igiya. Lambobi suka yi ta gudu a jikin na'ura, suka tsaya. Ta sake yi.

"Abin yana nan, amma kaɗan ne. Wannan bai isa ya yi abin da ka nuna mini ba." Ta ɗaga kofin tana dubawa. "Kuma rijiyarku tana da kyau. A ƙarshen rani ruwa garau haka, ba kasafai nake gani ba."

Ta ɗauki biro za ta rubuta. Ni kuwa na kasa karɓar yabon, don ba na rijiyarmu ba ne.

"Ranki ya daɗe, gaskiya ba haka yake ba. Ni na gyara shi ɗazu. Na ga bai kamata in kawo muku da laka ba."

Biron ya tsaya. "Ka gyara shi da me?"

"Da alif. Ɗan kaɗan."

Ta cire tabarau ta ajiye, ta dafe goshi. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Malam Lawali, alif ba laka kaɗai yake kwantarwa ba. Yana kama abin nan da muke nema ya sauka da shi. Ina lakar?"

"Tana kwata."

"Babu ko kofi ɗaya da ba ka taɓa ba?"

"Babu. Har jarkar na wanke."

Na ji ɗakin ya yi mini faɗi. Kwana goma sha ɗaya na tsare ruwan nan daga jami'i, daga 'yan dako, daga kaina ina jin ƙishirwa. Saura sa'a uku na lalata shi da hannuna.

Na ce to tunda alif na kama shi, sai mu riƙa sawa kullum. Ta girgiza kai. Ta ce yana ragewa, amma in ba a san yawan abin da ke cikin ruwan ba, ba a san yawan da za a sa ba, kuma shi ma in ya yi yawa yana da nasa lahanin. Na ce ta rubuta sunan ƙauyenmu haka nan, na rantse mata da abin da idona ya gani. Ta ce ta yarda da ni, amma takardarsu lamba take ci, ba rantsuwa ba. Ko da lambar ma, aikinsu bai tsallaka iyaka ba, sai dai ta aika wa masu irin aikin a ɓangarenmu ta roƙe su.

"Ɗiyata fa? Za ta miƙe?"

"Haƙora ba sa komawa. Ƙafa, tunda yarinya ce, in an canja mata ruwa da wuri tana iya samun sauƙi. In damina ta zo ku tari na sama ku ba ta."

Ta ba ni wata 'yar kwalba ta roba mai jan murfi. Ta ce in cika ta daga guga kai tsaye, kada in tace, kada in wanke, kada in sa komai. Amma sai kafin ruwan sama ya sauka ya gauraya rijiyar. Ta ƙara da cewa aikin nasu da kaka zai ƙare, ba su sani ba ko za a sabunta.

Ban iya gaya wa Inna Gado ba. Da ta tambaya na ce an karɓa, an gode. Wannan ƙaryar har yau tana cikin abin da nake neman gafara a kai.

Sati guda na yi ina dako a Yamai kafin na haɗa kuɗin motar komawa. A Ƙonni hadari ya tare mu. Daga nan har Maraɗi ruwa ake yi, ni kaɗai ne a motar ba na murna. Da na iso gida, ashe wajenmu ruwa ya daɗe da sauka, an yi shuka, gero ya fito, rijiya ta cika har ana ɗiba da gajeren igiya.

Sa'a ta bari na ci abinci tukuna. Sannan ta ce, "Mi sunka ce?"

Na gaya mata tun daga Magama har kwata.

"Da ni ce ma da na sa alif ɗin," in ji ta. Ta tashi ta kafa kwano a bakin indararo.

Damina ta wuce muna ba Nafisa ruwan sama. Da kaka ta yi, randunan da muka tara suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, muka koma rijiya, don babu wani ruwan kusa da mu. Na jira bazara. Ranar da guga ya fara kankaro ƙasa na cika kwalbar na ɗaure murfin. Kafin in sake ɗaukar hanya na roƙi Illa, da yake ya sami lodi zuwa Yamai, ya duba mini wurin. Bayan sati biyu ya same ni a rumfar ɗinki.

"Lawali, na je. Bayan gidan mai, ko? An cire allon. Wasu masu sayar da taya ne ciki yanzu."

Kwalbar tana nan bisa katangar ɗakina, inda hannun yara ba ya kaiwa. Ban buɗe ta ba, ban sa mata komai ba. Kwana biyu da ajiye ta na duba, na ga lakar ta kwanta da kanta a gindi, ruwan ya yi garau.

Nafisa yanzu da sanda take zuwa makarantar allo. Ɗazu da na dawo daga gona ta ce, "Baba, miƙo mini ruwa." Na buɗe randa, na ɗebo na rijiyar nan, na tsaya da moɗa a hannu har sai da ta sake kirana. Sannan na miƙa mata.